Wai da gaske ne ba a aikata laifi a tsibiran da ke can tsakiyar teku?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, yace ya ji ana cewa akwai ƙananan tsibirai can tsakiyar teku inda mutane ba sa kulle ƙofa, ɗan sanda ɗaya ne tal ko ma babu, kurkuku kuma ba kowa a ciki, shin gaskiya ne, in kuma gaskiya ne me yake hana su ɓarna tunda hukuma ta yi musu nisa?

Toh malam, wannan yana cikin abin da nake koyarwa a fannin nazarin laifuka, kuma amsar a taƙaice ita ce rabin maganar gaskiya ne, ɗaya rabin kuma shi ne wanda masu yaɗa labarin ba sa son taɓawa. Bari mu fara da rabin da yake gaskiya.

Sata, fashi, ƙwace, damfarar wanda baka sani ba, waɗannan kam da wuya ka gansu. Ɓarawo yana buƙatar kar a gane shi, yana buƙatar inda zai sayar da kayan, yana kuma buƙatar hanyar gudu, a tsibirin mutum ɗari biyu duk babu ko ɗaya. In ka saci injin kwale-kwalen wani a wane ruwa zaka shiga da shi da mai shi ba zai gane ƙararsa ba? A watan Disamba na 2018 wani ɗan Rasha ya shiga banki da bindiga a Longyearbyen, babban garin tsibiran Svalbard na ƙasar Norway can kusa da ƙarshen arewacin duniya, ya karɓi kuɗin ƙasar kroner 70,000 ya fita. Garin mutum dubu biyu da ɗoriya ne, titunansa ba su haɗu da wani gari ba, waje kuma ƙanƙara ce da duhun da ba ya wayewa a wannan lokacin na shekara, hanyar fita ɗaya ce filin jirgin sama. Ba a jima ba aka kama shi a cikin garin. Shi ne fashin banki na farko da aka taɓa yi a wurin, kuma ka lura baƙo ne ya yi.

Amma rashin hanyar gudu kaɗai bai isa ya bayyana komai ba. Abin da yake riƙe mutane a irin waɗannan wurare ido ne, da baki, da kuma buƙatar juna, wannan na ƙarshen shi ya fi ƙarfi. Ka ɗauki Tristan da Cunha a kudancin tekun Atlantika, wanda ake cewa babu wani wuri da mutane ke zaune da ya kai shi nisa da sauran jama'a. Kimanin kilomita 2,800 ne daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, babu filin jirgin sama, jirgin ruwa sai ya yi kusan sati yana tafiya kuma 'yan lokuta kaɗan yake zuwa a shekara. Mutanen ba su fi 250 ba, duk a ƙauye ɗaya, sunayen danginsu ma 'yan ƙalilan ne, Glass, Green, Swain, Rogers, Hagan, Repetto, Lavarello. Asalinsu wani kofur ne na sojan Birtaniya, William Glass, da ya zauna a 1817 lokacin da aka janye sojoji, shi da abokansa suka rubuta yarjejeniya cewa aiki da riba daidai za a raba, ba wanda zai ɗaga kai sama da wani. Har yau ƙasar ta kowa ce, baƙo ba zai sayi fili ba, an ƙayyade yawan shanun da kowane gida zai ajiye saboda ciyawa ta isa, kuma ko ziyara zaka kai sai majalisar tsibirin ta yarda. Wani masanin zamantakewa ɗan Norway, Peter Munch, ya zauna da su a 1937 zuwa 1938, ya tarar babu kotu babu ɗan sanda, amma kowa ya san iyakarsa. Yanzu suna da ɗan sanda cikakke guda ɗaya, da wasu 'yan sa kai da ke taimaka masa in buƙata ta taso.

Me zai sa mutum ya shiga taitayinsa a nan? Wanda ka cuta yau shi ne zai riƙe maka igiya gobe a kwale-kwale, matarsa ce take koyar da ɗanka, ƙanensa ne yake auren 'yarka, kuma shi zai haƙa kabarinka. A babban birni in ka ɓata da mai shago sai ka koma wani shagon, a can in ka ɓata da mutum ɗaya ka ɓata dangantaka biyar ko shida lokaci guda, kuma ba inda zaka je ka fara sabuwar rayuwa. Ba sai an ɗaure ka ba, a daina gayyatarka aikin gayya a gonar dankali, a riƙa yin shiru in ka shigo, a laƙaba maka sunan da jikokinka zasu gada, wannan kaɗai ya isa. Da dutse ya yi aman wuta a 1961 aka kwashe su gaba ɗaya zuwa Ingila, sun ga lantarki sun ga motoci sun ga albashi, amma kusan dukkansu suka zaɓi komawa, zuwa 1963 sun koma. Kaga kenan su wannan takurawar ba sa jinta a matsayin kurkuku.

A tsibirin St Helena da ke kudancin Atlantika, inda aka tsare Napoleon tsohon sarkin Faransa, talabijin bata iso ba sai 1995, wasu masu bincike daga Ingila ƙarƙashin Tony Charlton suka yi amfani da damar suka ɗauki bidiyon yara a filin wasan makaranta kafin zuwanta da bayan zuwanta, don su ga ko finafinan faɗa zasu ƙara musu rashin ji. Ba su ga ƙari ba. Bayanin da suka fi karkata gare shi shi ne yaro a can ko ina ya juya akwai babban da ya san shi ya san iyayensa. A Tokelau kuma, tsibirai uku ne a tekun Pasifik ƙarƙashin New Zealand, Atafu da Nukunonu da Fakaofo, mutum kamar 1,500, babu gidan yari ko ɗaya. Majalisar dattijai da suke kira taupulega ita ke tafiyar da kowane ƙauye, in an kamo kifi a raba wa kowane gida gwargwadon yawan mutanensa, mai laifi kuma a yi masa faɗa a bainar jama'a, ko tara, ko a sa shi aikin gari. Sai dai wannan ikon yana da kaifi, lokacin korona an yi wa wani iyali a Nukunonu ɗaurin talala a gidansu na wata da watanni saboda sun ƙi yin allurar rigakafi. A wurin da ba lauya ba jarida, jirgi kuma sai ya yi kwana guda daga Samoa, wa zaka kai wa kuka?

Yanzu ga ɗaya rabin. Kafin na kai ka tsibirin Pitcairn bari na baka wani labari da masanin al'adu Bronislaw Malinowski ya rubuta a 1926 daga zamansa a tsibiran Trobriand kusa da New Guinea, domin shi ne mabuɗin fahimtar komai. Wata rana ya ji kuka ya ɓarke a wani ƙauye na kusa, aka ce masa wani saurayi ɗan shekara kamar 16 ne ya faɗo daga bishiyar kwakwa ya mutu. Sai daga baya ya gano yaron shi ya kashe kansa. Yana soyayya ne da 'yar 'yar'uwar mahaifiyarsa, su kuma ta wajen uwa suke bin dangi, don haka a wurinsu ƙanwarsa ce, haramun ne babba. Abin da ya ɗaure wa Malinowski kai shi ne kowa a ƙauyen ya san da maganar tun tuni, ana gulmarta a ɓoye, ba wanda ya yi komai. Sai da saurayin da yarinyar ta juya wa baya ya tsaya da yamma a tsakiyar gari ya faɗi abin da ƙarfi kowa na ji. Washegari yaron ya yi ado ya sa kayan biki, ya hau kwakwar, ya yi wa mutanen gari jawabin bankwana ya ɗora alhakin mutuwarsa a kan wanda ya tona shi, ya yi kuka ya saki hannu. Bayan nan faɗa ya kaure aka ji wa mai tonon rauni.

Ka duba da kyau. Laifin ya daɗe ana yi ba hukunci, hukunci ya zo ne ranar da aka furta, kuma wanda ya furta shi ma bai sha ba. A ƙaramin wuri kowa ya san komai amma faɗa a fili tsada gare shi, domin kai ne za a ce ka raba kan dangi. Shi ya sa in aka ce maka tsibiri kaza shekara ashirin ba a kai ƙara ba, abin da aka gaya maka kawai shi ne ba a kai ƙara ba.

Pitcairn ɗan dutse ne a kudancin Pasifik, bai kai murabba'in kilomita biyar ba, ƙarƙashin Birtaniya. Ma'aikatan jirgin ruwan Bounty su tara da suka yi wa kyaftin ɗinsu bore a 1789 ne suka ɓuya a can a 1790 tare da maza shida da mata goma sha biyu 'yan yankin Tahiti, suka ƙone jirgin. Cikin shekara goma mazan sun kusa ƙarar da juna a kan mata da fili da giya, zuwa 1800 John Adams kaɗai ya rage cikin manyan maza, shi ya koma koyar da yara Baibul. Daga nan Turawa suka ɗauki wurin a matsayin misalin tuba da zaman lafiya, kusan shekara ɗari biyu ana yabonsu, masu ibada, ba sata ba kisa, tun 1838 ma mata suke jefa ƙuri'a a can kafin Ingila kanta. Landan ta sakar musu ragama, gwamnansu yana zaune a New Zealand dubban kilomitoci, ɗan sandan tsibirin kuma ɗan gari ne da kowa ɗan'uwansa ne.

A 1999 aka tura wata 'yar sanda daga yankin Kent na Ingila ta yi ɗan zama ta horar da su. Tana can wata yarinya 'yar shekara 15 ta kai ƙarar fyaɗe. Da aka fara bincike aka bi matan da suka taso a tsibirin suka koma New Zealand da Ostireliya da Ingila, sai labari ya zo iri ɗaya daga bakuna daban daban, manyan maza suna lalata da yara mata tun suna ƙanana, shekara da shekaru, har zuwa baya cikin shekarun 1960. A 2004 aka gurfanar da maza bakwai a tsibirin kan tuhuma 55, a wurin da duka mutanensa 47 ne, wato kusan rabin manyan mazan, har da magajin gari. Alƙalai da lauyoyi daga New Zealand aka kawo su ta ruwa, matan kuma ta bidiyo suka bada shaida daga Auckland. An samu shida da laifi, huɗu aka yanke musu ɗauri daga shekara biyu zuwa shida, biyu aikin gari.

Abin da nake so ka riƙe shi ne yadda tsibirin ya kare kansa. Pitcairn ba ta da tashar jirgin ruwa, jirgi yana tsayawa ne can nesa, sai ƙarfafan maza su tura dogayen kwale-kwale cikin igiyar ruwa mai haɗari su ɗauko kaya da fasinja, abinci da magani da man fetur duk ta nan suke shigowa. Hujjar da aka riƙa kawowa ita ce in kun ɗaure waɗannan wa zai tuƙa kwale-kwalen, tsibirin zai mutu kenan. Alƙalan da suka zo yi musu shari'a ma wasu daga cikin waɗanda ake tuhuma ne suka ɗauko su daga jirgi. Wasu manyan matan tsibirin suka kira taro suka gaya wa 'yan jarida cewa al'adarsu ce yarinya ta fara mu'amala da maza tun tana 12 ko 13, Turawa ne suke son rufe wurin. Matan da suka bada shaida aka mai da su saniyar ware, wasu danginsu suka matsa musu har suka janye. Lauyoyin kariya kuma suka ce ai Pitcairn ba ma ƙarƙashin dokar Ingila take ba, maganar ta kai har majalisar ɗaukaka ƙara ta Privy Council a Landan, ta yi watsi da ita a 2006. Ni a ganina ba wai mutanen nan sun fi sauran mutane mugunta ba ne. Buƙatar junan nan da ta hana su sata ita ce dai ta ɗaure bakin uwa ta kasa kai ƙarar wanda ke kawo wa gidanta kaya daga jirgi, kuma duk wanda ƙarfinsa ya fi amfani ga jama'a shi ya fi ƙarfin hukunci.

Sai dai kar kuma a wuce gona da iri a ce duk tsibiri haka yake, wannan ma kuskure ne da 'yan jarida suke so. An yi ta yaɗa cewa St Helena ma ta zama matattarar masu lalata da yara kuma gwamnati na rufa-rufa, aka naɗa babbar lauya Sasha Wass ta yi bincike, rahotonta na 2015 ya ce wannan hoton da aka zana ba gaskiya ba ne, duk da ta samu sakaci mai yawa a yadda ake tafiyar da hukumomin kula da marasa ƙarfi. Kuma gulmar nan da muke cewa tana tsare gari, tana iya kama wanda bai ji ba bai gani ba. A tsibirin Norfolk na Ostireliya, inda jikokin mutanen Pitcairn da yawa suke, an kashe wata matashiya 'yar Sydney a ƙarshen Maris 2002, kisa na farko cikin sama da shekara ɗari. Mafi yawan manyan tsibirin suka bada zanen yatsunsu, kowa na zargin maƙwabcinsa, a zaman binciken 2004 aka ambaci sunayen mutum 16 da ake sa wa ido, wasu har yau tabon bai goge ba. Ashe wani kuku ne ɗan New Zealand da ya zo aiki ya riga ya koma ƙasarsu, sai 2006 aka kama shi, aka same shi da laifi a 2007. Shekara huɗu gari na cin naman juna a banza.

Alƙaluma ma a irin wuraren nan yaudara gare su. Ana auna kisa ne da mutum nawa cikin 100,000, matsakaicin duniya kusan shida ne. Tsibirin mutum 250 in aka yi kisa ɗaya lissafin zai nuna 400, ya zama wuri mafi haɗari a duniya a wannan shekarar, shekara hamsin masu zuwa kuma sifili. Ba abin da zaka gina a kan irin wannan.

Akwai kuma abin da teku ke kawowa, wanda idon maƙwabci bai san yadda zai yi da shi ba. A 2001 wani ƙaramin jirgin ruwa da ya taso daga Kudancin Amurka ya lalace kusa da São Miguel a tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, matuƙin ya ɓoye hodar iblis a bakin gaɓa, ruwa ya kwance ta ya watso ɗaruruwan kiloli kusa da garin masunta na Rabo de Peixe. Mutanen da ba su san ƙarfinta ba suka riƙa sayar da ita cikin kofin giya a banza, asibiti ta cika, wasu suka mutu, shaye-shayen ya zauna ya daɗe. Kunya tana aiki ne a kan laifin da jama'a suka san sunansa suka san muninsa.

Sai matsalar ita hukumar in ta zo. Ɗan sanda ɗan gari ba zai kama kawunsa ba, baƙo kuma ba mai gaya masa komai, kafin ya gane wa ke da wa wa'adinsa ya ƙare. Ina kuma za a ajiye wanda aka ɗaure? Tsibirin Sark da ke tsakanin Ingila da Faransa, wanda ma ba shi da nisa sosai, kurkukunsa na 1856 ɗaki biyu ne, 'yan kwanaki kaɗan ake tsare mutum, in abin ya fi haka a tura shi tsibirin Guernsey da ke kusa. Greenland, babban tsibirin nan na arewa da ke ƙarƙashin ƙasar Denmark, ita ce ta gwada wani abu daban, dokar laifukanta ta 1954 an gina ta ne a kan binciken yadda mutanen Inuit, 'yan asalin wurin, ke sasanta kansu, aka ce mafarauci ba a raba shi da jama'a, don haka mai laifi ya kwana a gidan gyaran hali da safe ya fita aiki cikin gari. Tunanin yana da kyau a takarda, amma a garin mutum dubu matar da aka yi wa fyaɗe zata iya haɗuwa da wanda ya yi mata a layin kanti, kuma Greenland na fama da yawan tashin hankali da cin zarafin yara ƙwarai. Masu haɗari sosai kuma sai a kai su gidan yarin Herstedvester kusa da Copenhagen babban birnin Denmark, kilomita sama da 3,000 daga gida, cikin mutanen da ba sa jin yarensu, wasu ba ranar fita. Sai 2019 aka buɗe rufaffen gidan yari a Nuuk don a fara dawo da su.

A Pitcairn kuwa a tsibirin aka gina kurkukun, kuma mazan da ake tuhuma suna cikin waɗanda suka yi aikin ginin, tunda ba wasu ma'aikatan. Aka kawo gandirobobi daga New Zealand, in jirgi ya zo a fito da fursunoni su tuƙa kwale-kwale su koma, cikin 'yan shekaru duk an mai da su ɗaurin talala a gida sun gama. Tun daga lokacin Birtaniya ta ajiye ɗan sanda daga New Zealand da ma'aikacin jin daɗin jama'a a tsibirin, wanda zai kai ziyara da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 sai ya nemi izini tun kafin ya taso. Duk da haka a 2016 an sake samun wani tsohon magajin garin da laifin ajiye hotunan batsa na yara a kwamfutarsa. Gwamnatin tsibirin ta daɗe tana tallan fili kyauta ga duk wanda zai zo ya zauna, waɗanda suka amsa ba su taka kara sun karya ba, mutanen kuma yanzu ba su kai hamsin ba, yawancinsu tsofaffi.